Naƙasassun Falasɗinu: tambayoyin da ake yawan yi min kan jinyarsu, ƙafar roba, da masu kai musu ɗauki

Assalamu alaikum jama'a. Ni aikina gashi ne a asibiti, wato fisiyo, masu karaya da masu shanyewar ɓarin jiki da waɗanda aka yanke wa ƙafa su ne mutanena kullum, to shi ya sa tun da yaƙin Gaza ya ɓarke a watan Oktoban 2023 duk wanda ya ga hoton yaro da dungun ƙafa sai ya turo min yana tambaya. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, sai na ga gara in tara su wuri guda in amsa. Wasu amsoshin za su yi tsawo, a yi haƙuri, abin ne da yawa.

Wai mutum nawa ake magana a kai ne?

Tun kafin wannan yaƙin akwai su da yawa. Ƙidayar da Falasɗinawa suka yi a 2017 ta nuna masu naƙasa mai tsanani sun kai wajen 93,000, kuma fiye da rabinsu a Zirin Gaza suke. Sai yaƙi ya zo ya ɗora nasa a kai. A watan Satumban 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya WHO ta ce aƙalla mutum 22,500 ne suka ji irin raunin da ke sauya wa mutum rayuwa gaba ɗaya, shekara ɗaya bayan nan a Oktoban 2025 adadin ya kusa 42,000, ɗaya cikin duk huɗu yaro ne, waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa kuma sun haura 5,000. Duk wannan fa a ɗan zirin ƙasa mai murabba'in kilomita 365 da mutum miliyan biyu da 'yan kai.

A taron da aka yi kan Gaza a Alƙahira cikin Disambar 2024, Amina Mohammed ce ta karanta saƙon maigidanta Antonio Guterres, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ya ce idan aka duba yawan jama'a, babu inda ya kai Gaza yawan yaran da aka yanke wa gaɓa a duk duniya.

Me ya sa ake saurin yanke ƙafar? Ba a iya ɗori ko a sa ƙarfe?

Karayar bam daban take da ta faɗuwa daga kan mashin ɗan'uwa. Bam yana dagargaza ƙashi, ya yayyaga nama, ya tsinka jijiyar jini, sannan ya cusa ƙasa da siminti da ɓarɓashin ƙarfe cikin ciwon. Idan babbar jijiyar jini ta tsinke, awa shida ko kusa da haka kake da ita ka gyara kafin naman ya mutu, to mutumin da ya kwana ƙarƙashin ɓaraguzai ko aka ɗauko shi a amalanken jaki aka zo aka tarar da mutum ɗari a ƙasa suna jiran likita ɗaya, ina awa shidan take? A asibitin da ke da komai ana iya ceto irin wannan ƙafar da tiyata biyar, goma, cikin watanni, da likitan jijiya da likitan fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi. Inda babu waɗannan kuwa zaɓi biyu ne ya rage wa likita, ko ƙafa ko rai. Likitoci da dama da suka yi aiki a can sun ba da shaidar an yanke wa yara gaɓa ba tare da isasshiyar allurar barci ba, Allah ya kyauta.

Kuma Gaza ta san wannan ciwon tun da daɗewa. A zanga-zangar da aka yi ta yi a bakin shingen iyakar Gaza da Isra'ila daga Maris ɗin 2018 zuwa ƙarshen 2019, sama da mutum 7,000 aka harba da harsashi, galibi a ƙafa, sama da 150 suka rasa gaɓa. Dalilin haka ne ma aka buɗe cibiyar gyaran gaɓoɓi a asibitin Nasser da ke Khan Yunis da tallafin WHO, ita kaɗai ce irinta a Gaza. Ta tsaya da aiki a Disambar 2023, sannan samamen da sojojin Isra'ila suka kai asibitin a Fabrairun 2024 ya lalata ta.

To ba sai a tura musu ƙafafun roba da yawa ba, shikenan?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa, kuma nan nake so a tsaya a saurare ni da kyau. Ƙafar roba ba takalmi ba ce da za ka ce a ba ni lamba 42. Ita ce matakin kusan ƙarshe a doguwar hanya, kuma in aka tsallake matakan baya to ko an kawo ta jingine ta za a yi a gefen tanti.

Da farko sai dungun ya warke. Yankan gaggawa da ake yi a lokacin yaƙi sau da yawa ana barinsa a buɗe ne saboda gudun ruɓewa, wani ƙashin ya yi tsini, wani babu isasshen nama da zai rufe shi, dole sai an sake komawa tiyata an gyara. Ciwo kuma ba ya warkewa a jikin da ba ya cin abinci, kun dai ji yadda a ranar 22 ga Agustan 2025 aka ayyana yunwa a hukumance a birnin Gaza da kewaye. Bayan ya warke sai a riƙa naɗe dungun da bandeji mai talewa kullum har kumburi ya saɓe ya yi siffar da za ta shiga mazubi, wato kofin ƙafar robar da dungun ke zama a ciki. A duk tsawon wannan lokacin ana gashi, ana miƙar da gwiwa da ƙugu, don mutum in ya yi wata biyu a zaune gwiwa a lanƙwashe to haka za ta ƙage, kuma gwiwar da ta ƙage ba ta ɗaukar ƙafar roba. Wallahi wannan na sha ganinsa da idona a wajen aiki, a kawo maka mutum an riga an makara, ka yi ta fama wata da watanni kana neman abin da motsa jikin minti goma a rana zai hana tun farko.

Sai a zo ga ma'auni. Ƙwararre zai ɗauki siffar dungun da filasta, ya ƙera mazubin da zai zauna daram a jikin wannan mutumin shi kaɗai, a gwada, a kankare nan a ƙara can, a daidaita tsayi, sannan a koya masa tsayuwa tsakanin ƙarafa biyu, taku ɗaya biyu, hawa matakala, yadda zai faɗi da yadda zai tashi. Bayan 'yan watanni dungun zai ƙara motsewa mazubin ya yi masa yawa, a sake wani. Babba yana bukatar sabuwar ƙafa duk bayan 'yan shekaru har ƙarshen rayuwarsa. To ka ga abin da ake nema mutane ne masu ilimin aikin, da wurin aiki mai wuta, da roba da filasta da ƙarafa da ke shigowa ba yankewa. Rahoton WHO na Oktoban 2025 ya ce masu ƙera gaɓoɓin roba takwas ne kacal suka rage a Gaza. Takwas, ga mutum sama da 5,000.

Yara fa, nasu daban ne?

Nasu ya fi wuya. Yaro yana girma, ƙafar roba ba ta girma, don haka duk wata shida zuwa shekara sai an gyara ko an sake. Ƙashin da aka yanke shi ma yana ci gaba da tsiro har ya riƙa sukar fata daga ciki, wani yaron sai an yi masa tiyata sau da dama kafin ya gama girma. Yaron da aka yanke wa ƙafa yana shekara huɗu, lissafa ka ga ƙafa nawa zai buƙata kafin ya kai ashirin. UNICEF ta ce a watanni ukun farko na yaƙin kaɗai yara sama da 1,000 ne suka rasa ƙafa ɗaya ko duka biyun.

Da ma akwai asibitocin wannan aikin a Gaza?

Akwai, kuma masu kyau. Cibiyar gaɓoɓin roba da shan inna ta birnin Gaza tun 1976 take, hukumar birnin ce ke riƙe da ita, Red Cross na tallafa mata tun 2007. Akwai asibitin Sheikh Hamad da ƙasar Katar ta gina aka buɗe a 2019, mai gado 100, da sashen gaɓoɓin roba da sashen ji inda har dashen na'urar kunne ake yi wa yara kurame. Akwai asibitin Al-Wafa wanda aka rusa gininsa na Shuja'iyya a yaƙin 2014 suka koma wani wuri suka ci gaba. Akwai Al-Amal na Red Crescent ɗin Falasɗinu a Khan Yunis. Kurame kuma suna da ƙungiyar Atfaluna tun 1992, makaranta da wurin koyon sana'a da gwajin ji.

Kusan babu wanda yaƙin bai taɓa ba a cikinsu, wani ya lalace, wani an tilasta wa ma'aikatansa ficewa, wani ya rufe ya sake buɗewa da ɗan abin da ya rage. A Oktoban 2025 WHO ta ce abin da ke aiki bai kai kashi ɗaya cikin uku na yadda ake kafin yaƙi ba. A da Gaza na da masu aikin gashi kusan 1,300 da masu koya wa majinyaci harkokin yau da kullum kusan 400, an kashe gommai daga cikinsu, sauran kuma su ma 'yan gudun hijira ne, mutum ya fito daga tanti da safe ya je ya yi wa wasu gashi ya dawo ya shiga layin ruwa. Waɗannan abokan sana'ata ne, in na tuna su sai jikina ya yi sanyi.

Su wa ke kai ɗauki daga waje?

Red Cross ta ƙasa da ƙasa tana kan gaba a harkar gaɓoɓin roba, kuma ta buɗe asibitin tanti mai gado 60 a Rafah a watan Mayun 2024. Wanda ya san aikin ƙafar roba da suka tallafa a asibitin ƙashi na Dala a Kano da cibiyar da suka gina a asibitin koyarwa na Maiduguri saboda waɗanda rikicin Boko Haram ya naƙasa, to shirin ɗaya ne. Akwai Humanity & Inclusion, wadda aka fi sani da Handicap International a da, tana Falasɗinu tun 1996, an rusa ofishinta na birnin Gaza a Janairun 2024 amma ma'aikatanta suna bin sansanoni suna gashi suna raba sanduna da kekuna, suna kuma koya wa mutane yadda za su kauce wa bama-baman da ba su fashe ba. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF, wato Doctors Without Borders, suna wankin ciwo da jinyar ƙuna da gashi, kuma suna da asibitin tiyatar gyara a Amman tun 2006.

Ƙasar Jodan ta fara wani shiri a Satumban 2024 na motocin da aka mayar ɗakin sa ƙafar roba a asibitin sojojinta na Khan Yunis, da wani irin mazubi da ake gasawa a daidaita shi a jikin mutum nan take, wanda ya dace da halin gaggawa sosai. Daular Larabawa ita ma ta yi asibitin tanti a Rafah da sashen gaɓoɓin roba. Sai UNRWA, hukumar 'yan gudun hijirar Falasɗinu da aka kafa a 1949, wadda asibitocinta na unguwa ne gatan talaka, ga kuma dokar da majalisar Isra'ila ta yi a Oktoban 2024 ta haramta mata aiki a ƙasar Isra'ila, abin da ya ƙara ɗaure mata hannu. Akwai kuma Medical Aid for Palestinians ta Ingila da Palestine Children's Relief Fund ta Amurka.

In har ƙungiyoyi sun kai haka yawa, me ke hana kayan isa?

Ƙofa. Gaza tana cikin ƙawanya tun 2007, kuma duk abin da zai shiga sai Isra'ila ta amince. Suna da jerin kayan da suke cewa ana iya karkatar da su zuwa aikin soja, to ƙungiyoyin agaji sun sha kokawa cewa an mayar da sandunan dogarawa da keken guragu da batirin na'urar ji da kayan haɗa gaɓoɓin roba da sunan wannan dalili, wani lokacin abu ɗaya ne zai sa a juya mota guda. Mashigar Rafah ta ɓangaren Masar an rufe ta a watan Mayun 2024 lokacin da sojojin Isra'ila suka karɓe ta. Daga 2 ga Maris ɗin 2025 kuma aka yi sama da wata biyu ko ƙwayar magani ba ta shiga ba. Ni dai a ganina babu wani bayanin tsaro da zai gamsar da ni kan hana yaro gurgu keke.

Waɗanda suke da naƙasa tun kafin yaƙin fa, ya suke ciki?

Su ne aka fi mantawa, don kyamara ta fi son sabon rauni. Ka ɗauki kurma, ana jefo takarda ko a kira waya a ce a fice daga unguwa cikin minti kaza, shi bai ji kiran ba, bai ji jirgi ba, sai dai ya ga mutane na gudu. Makaho da ya haddace hanyar gidansu da ta masallaci da ta shago taku-taku, yau babu titin babu shagon, an kai shi tanti cikin dubban tantuna. Mai keken guragu da ke hawa na biyar, babu wuta babu lifta, sai dai 'yan'uwa su goyo shi, kuma akwai iyalan da suka ƙi fita suka zauna saboda ba za su iya barin nasu a baya ba. In an sauko ma keke ba ya tafiya a kan ɓaraguzai da yashin Al-Mawasi, yankin bakin tekun da 'yan gudun hijira suka kafa tantuna. Mutane da yawa sun yi hijira sau biyar sau goma, a kowace tafiya ana barin wani abu a baya.

Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin naƙasassu ya ce a Satumban 2025 kashi 83 cikin ɗari na masu naƙasa a Gaza sun rasa kayan da suke dogara da su, keke ne, na'urar ji ce, tabarau ne, sandar makafi ce. Ga mai farfaɗiya da maganinsa ya yanke. Ga yaron da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa wanda ba ya iya tauna, sai abinci mai ruwa-ruwa da aka niƙa, irin waɗannan yaran ne yunwa ta fara kayarwa. Ga batun banɗaki wanda mutane ba sa son faɗa, makaranta ɗaya mutum dubbai, masai na tsuguno, mace mai naƙasa ta rage cin abinci da shan ruwa da gangan don kar ta buƙaci a ɗauke ta zuwa can. Wurin rabon abinci kuma na mai ƙarfi ne da zai iya tafiyar kilomitoci ya yi turereniya ya ɗauko buhu.

Ban da yanke gaɓa, wane irin rauni ne kuma ke bar wa mutum naƙasa?

Ciwon laka da bugun ƙwaƙwalwa da ƙuna, kuma WHO ta lissafa sama da mutum dubu a kowanne. Mai ciwon laka ba raunin ne ya fi kashe shi ba, gyambon kwanciya ne da ciwon mafitsara. Yana buƙatar a juya shi duk awa biyu, katifa mai laushi, robar fitsari mai tsabta, famfas, sabulu da ruwa. A kan tabarma a ƙasan tanti cikin sati biyu bayansa zai ɓule. Ƙuna kuma in ta warke fatar tana tattarewa ta janye gaɓa, yatsu su manne, wuya ya karkace, sai da gashi kullum da wata matsattsiyar riga da ake sawa wata da watanni. Ƙarar bam ita ma ta fasa dodon kunnen mutane masu yawa, ɓarɓashi ya tsiyaye idanu.

Da gaske shan inna ta dawo Gaza?

Da gaske ne. A Agustan 2024 aka tabbatar da ita a jikin wani jariri ɗan wata goma a Deir al-Balah, karon farko cikin shekara 25, ƙafarsa ta shanye. Aka yi rigakafin gaggawa a Satumba aka ɗiga wa yara kusan 560,000. Mu nan arewa ba sai an yi mana bayanin abin da shan inna ke yi wa yaro ba.

Me ya sa ba za a fitar da su waje a yi musu magani ba?

Ana fitar da wasu, Masar da Daular Larabawa da Katar da Turkiyya da Jodan da wasu ƙasashen Turai sun karɓi dubbai. Amma a 2025 WHO ta ce sama da mutum 15,000 na kan layi, kuma ɗaruruwa sun rasu suna jira. Sai an sami ƙasar da za ta karɓa, sai an ba majinyaci izini, sai an ba mai rakiyarsa. Kuma ko an fita da yaro an sa masa ƙafa, bayan shekara yana buƙatar wata, don haka dole dai a tayar da cibiyoyin cikin gida.

Ɗaya yankin Falasɗinawan fa, Gaɓar Yamma da Kogin Jodan, lafiya lau ne kenan?

A'a. Can akwai cibiyoyi tsofaffi masu ƙwarewa, irin ta Bethlehem Arab Society da ke Beit Jala tun 1960, da cibiyar Gimbiya Basma ta yara a Birnin Ƙudus, da Abu Raya a Ramallah, da asibitin ido na St John. Matsalar isa wurin ce, shingen bincike, takardar izinin shiga Ƙudus, hanyar rabin awa ta koma awa huɗu, uwa da yaro mai lalura a goye. Samamen da sojojin Isra'ila suka fara a sansanonin Jenin da Tulkarm da Nur Shams a farkon 2025 ya raba mutum wajen 40,000 da gidajensu. A takarda suna da doka mai lamba 4 ta 1999 da ta ware wa naƙasassu kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki, sun kuma shiga yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu ta duniya a 2014, sai dai hukumar Falasɗinu ba ta cika aiwatarwa ba, ga ƙarancin kuɗi, kuma su naƙasassun sun sha yin zaman dirshan a kan haka.

Zuciya fa? Mutum yana iya komawa daidai bayan wannan?

Wanda aka yanke wa ƙafa yakan ji zafi ko ƙaiƙayi a ƙafar da babu ita, ba aljanu ba ne ba kuma hauka ba ne, ƙwaƙwalwa ce ba ta daina neman gaɓar ba, kuma akwai dabarun rage shi har da na madubi. Amma yaron da bam ɗin da ya cire masa ƙafa shi ne ya kashe uwarsa, gashi kaɗai ba zai tayar da shi ba, shi ya sa ake haɗawa da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa irin shirin da marigayi Dakta Eyad El-Sarraj ya kafa a Gaza a 1990.

Abin da na ga ya fi aiki a wurin majinyatana shi ne su ga wani irinsu yana tafiya. Alaa al-Dali ɗan tseren keke ne da aka harba a 2018 aka yanke masa ƙafa, ya zo ya kafa ƙungiyar masu keke ta Gaza Sunbirds, a cikin yaƙin nan su da kansu suka riƙa raba abinci a kan kekunansu. Fadi Deeb da harsashi ya shanye wa ƙafafu tun 2001 shi ne ya ɗaga tutar Falasɗinu a gasar naƙasassu ta Paris a 2024.

Ni da nake nan, me zan iya yi?

Addu'a kam kar a fasa. In za ka ba da kuɗi, ka bi ta ƙungiyar da aka sani tana da ma'aikata a can kuma tana fitar da bayanin kuɗinta, ka shiga shafinta na ainihi da kanka, kar ka tura wa lambar akawun ɗin da aka liƙa a ƙasan bidiyo a WhatsApp, 'yan damfara sun shigo harkar sosai. Ɗan kaɗan duk wata ya fi amfani a wannan aikin a kan mai yawa sau ɗaya, tunda tsagaita wutar 10 ga Oktoban 2025 ba ta rage ko mutum ɗaya daga layin gashi ba. Mai son ya ba da zakkarsa ya tambayi malaminsa yadda zai yi. Dan Allah kuma a rage yaɗa hoton yara tsirara da ciwo a buɗe, 'ya'yan mutane ne kuma za su girma su gani.

Kar kuma a tara tsofaffin kekuna da sanduna a ce za a aika, kuɗin dako ya fi kuɗin kayan kuma da wuya su wuce ƙofa, waɗannan a kai wa masu buƙata na unguwa. Su can a ba ƙungiyar kuɗin ta sayo abin da ma'aikatanta suka rubuta suna nema, wanda sau da yawa bandeji ne da filasta da robar fitsari da batir.